Kyanwa ta hana darasin kiɗa a gida, ina mafita?

MalaminKibod_Hanwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu koyar da kiɗa a gida da waɗanda suka san halin dabbobi. Ana darasin kibod da jita a falo, kowane ɗalibi minti 45, daga bayan La'asar zuwa dab da Magariba. A gidan akwai kyanwa mace, ta kusa shekara 2, ba a yi mata aikin hana haihuwa ba. Yini guda ba a jin ɗuriyarta, amma da ɗalibi ya zauna aka kunna kibod sai ga ta: kuka, goga jiki a ƙafa, hawa kan madannai, kwanciya kan takardar darasi. A sauke ta, ta koma. A fitar da ita, ta tsaya bakin ƙofa tana yakushi tana kuka har yaro ya kasa bin kiɗan. Shin kiɗan take so, ko ƙarar ce ke damunta? Kuma wace hanya ce ke aiki, ban da duka?

ƊanGyallesu:
Wa alaikumus salam. Yunwa ce kawai Malam. Idan ta fara, a jefa mata kan kifi, za a samu lafiya.

Anti_MaiKyanwa:
ƊanGyallesu, wannan shawarar taka ita ce ke haifar da matsalar tun farko. Kyanwa tana riƙe abin da ya biya mata buƙata. Ta yi kuka, kifi ya faɗo, to gobe da kukan za ta fara. Kuma ba abinci kaɗai take ɗauka a matsayin lada ba. Ɗaukarta a sauke, kiran sunanta, tsawa, dariyar ɗalibi, ko kallonta ma, duk kulawa ce a wurinta. Malam yana ganin korarta yake yi, ita kuwa ta gano cewa taka madannai ne hanya mafi sauri da za a bar yaro a juyo kanta.

Sannan a duba lokacin. Kyanwa tana barcin awa 12 zuwa 16 a rana, kuma ƙarfinta yana tashi ne da asuba da kuma gab da faɗuwar rana. Darasin nan ya faɗo daidai sa'ar da jikinta ke neman farauta. Don haka gyaran kafin darasi ake yinsa. Saura minti 30 ɗalibi ya iso, a ɗauko sanda mai igiya da gashin kaza a baki, a yi wasa da ita minti 10 zuwa 15. A ja abin a ƙasa yana gudu yana laɓewa bayan kujera, kada a riƙa kaɗa mata shi a fuska. A bar ta ta cafke sau da yawa, idan ba ta kamawa gajiya take yi da wasan ba tare da ta huce ba. Da ta fara kwanciya gefe tana kallon abin, a tsaya, a zuba mata babban abincinta na ranar. Bayan ci za ta lashe jiki, sai barci. Igiyar kuma a kulle ta a durowa, kada a bar ta a ƙasa.

ƊanGyallesu:
To Anti, ai ni ma abinci na ce.

Anti_MaiKyanwa:
Kai ka ce bayan kuka, ni na ce kafin kuka. Nan ne duk bambancin yake.

LikitanDabbobi_Samaru:
Tsarin Anti daidai ne, amma Malam, akwai abin da ya kamata a fara cirewa daga lissafi. Ka ce mace ce kuma ba a yi mata aiki ba. Kyanwa mai neman muzuru tana kuka mai tsawo da ƙarfi, tana birgima, tana yawan goga jiki, idan aka shafa bayanta sai ta durƙusar da gaba ta ɗaga baya ta karkatar da jela gefe. Wannan yakan ɗauki kamar mako guda, ya lafa, ya dawo bayan mako 2 zuwa 3 muddin ba ta ɗauki ciki ba. Idan fitinar tana zuwa tana tafiya a haka, ba horo ne maganinta ba, aikin cire mahaifa ne. Asibitin koyarwa na tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, daga Hanwa ba nisa.

Gargaɗi biyu. Kada a yi mata allurar tsarin iyali ta mutane, wasu na yi, tana jawo ruɓar mahaifa da ƙari a nono. Kuma kada a ba ta farasitamol da sunan tana jin ciwo. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Idan kuma halin sabo ne kwatsam, tare da rama, yawan shan ruwa, amai, ko zirga-zirga wurin fitsari ba ya fita, a kai ta asibiti kafin a yi maganar tarbiyya.

MalaminKibod_Hanwa:
Na gode Likita. Abin kullum ne, ba ya ɗagawa, kuma tana ci tana sha lafiya. Amma har yanzu ba a amsa mini ba: sautin ne ke kiranta ko mutanen?

Injiniya_PZ:
Wannan ai gwaji biyu ne, Malam, kuma ba sa cin ko kwabo. Na farko: kusan kowane kibod yana da kafar abin sauraro na kunne a baya ko a gefe, da an soka shi sifika take yin shiru. A samo ɗan mahaɗi mai baki biyu, malami da ɗalibi su sa a kunne, a yi darasi falo tsit. Idan ta zo duk da haka, ba ruwanta da sauti. Na biyu: a danna waƙar gwaji da ke cikin kibod ɗin, kowa ya fita daga falo, a leƙa ta taga. Idan kiɗa na tashi ita ko gezau, an gama magana. A maimaita kowanne kwana 2 ko 3, don rana ɗaya ba ta isa hujja ba.

Anti_MaiKyanwa:
Ƙari kan na Injiniya, jikinta ma yana faɗa. Mai neman kulawa jelarta a miƙe take sama, bakin jelar ya ɗan lanƙwasa, kunnuwa gaba, tana goga kumatu. Wadda ƙara ta dama kunnuwanta suna kwantawa gefe ko baya, jela na bugun ƙasa, baƙin idon ya buɗe, kuma yawanci barin ɗakin take yi. Wadda ta hau madannai ta miƙe ƙafa ba ta cikin wahala.

Ɗalibin_Kimiyya:
Game da sauti, ana auna sirantarsa da yawan bugunsa a daƙiƙa. Kunnen mutum yana tsayawa wajen bugu 20,000 a daƙiƙa, na kyanwa yana wuce 60,000. Madanni na ƙarshe a kibod mai madannai 61 bai fi bugu 2,100 ba, don haka amon kansa ba wani abin azo-a-gani ba ne a wurinta. Abin da ke iya damunta shi ne siririn ƙugin da wasu adaftoci da inbata ke fitarwa wanda mu ba ma ji, ko ƙarar da sifika ke yi idan makirfo ya matso kusa da ita. A 2015 masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun gwada kyanwoyi 47 da kiɗan mutane da kuma wani kiɗa da aka tsara daidai da muryar kyanwa da gurnaninta. Na biyun suka fi matsowa, na mutane bai cika jan hankalinsu ba. Wato da wuya a ce sha'awar kiɗa ce ta fito da ita.

Sarkin_Shakka:
Duk wannan turancin a kan mage? A kulle ta a ɗaki ko a kai ta bayan gida, a gama darasi a buɗe. Shi ke nan.

BabanSoro:
Yaro, a yi hattara da kulle dabba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi na kanta ba, yana cikin Bukhari da Muslim.

Sarkin_Shakka:
Ranka ya daɗe Baba, waccan ai har mutuwa ta bar ta. Ni na lokacin darasi kawai na ce.

LikitanDabbobi_Samaru:
Baba yana da gaskiya wajen jan kunne, Sarki kuma bai yi laifi ba idan an cika sharuɗɗa. Ɗakin ya zama wanda ta saba da shi, mai iska. A sa ruwa, kaskon yashi na kashi nesa da ruwan da abincin, wurin kwanciya, da taga mai raga da za ta iya kallon waje. Ban da ɗakin girki, ban da shagon da ake ajiye fiya-fiya, maganin ɓera ko kalanzir, ban da ɗakin kwano mara silin a watan Maris da Afrilu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jira sai ta fara fitina sannan a ɗauke ta a jefa ciki. A haka ɗakin ya zama kurkuku kuma ta ji ana harka a falo babu ita. A shigar da ita kafin ɗalibi ya yi sallama, da abincinta a ciki. Kuma a saba mata tun a ranakun da babu darasi, minti 5, gobe 10, jibi 20, ana buɗewa ne kawai a lokacin da ta yi shiru.

MalaminKibod_Hanwa:
Matsalar kenan Likita, ba ta yin shirun. Yakushin ƙofa take yi har sai an buɗe.

Anti_MaiKyanwa:
"Har sai an buɗe." Ka amsa wa kanka, Malam. Idan yau an buɗe bayan minti 5, gobe aka daure zuwa 20 sannan aka buɗe, abin da ta koya shi ne a dage, ƙofa tana buɗuwa. Ladan da ke zuwa wani lokaci ya ƙi zuwa wani lokaci ya fi kowane irin lada kafa hali. Kuma a sani, ranar da aka daina kula ta abin ƙaruwa zai yi kafin ya ragu, kukan ya fi na da, yakushin ya fi na da. Yawancin mutane a nan suke karaya su ce hanyar ba ta aiki, alhali alamar tana aiki ce. A ba shi mako 2 zuwa 3 ba tare da an saɓa ko sau ɗaya ba, kuma duk mutanen gida su san dokar. Yaro ɗaya ya ji tausayi ya buɗe, an koma farko.

Ga ƙofar, a manna leda mai kauri ko guntun kafet na roba a ƙasanta ta ciki, farce ba ya kamawa. Gara kuma a sami ƙofa biyu tsakaninta da falo.

Amma ni a ganina kullewa ba ita ce ta fi ba. Koya mata wurin zama a cikin falon ya fi ɗorewa, don abin da take nema shi ne ta kasance inda ake yi.

MaiGoge_KofarDoka:
Kafin a bar ta a falo, bari masu kayan gargajiya su sa baki, don ba kibod kaɗai ake koyarwa a gidajen Zariya ba. Goge tsagiyarsa gashin jelar doki ne, haka abin gogawar. Gashi yana tsinkewa ɗaya-ɗaya yana lilo, kuma ba abin da kyanwa ke so kamar abu siriri mai motsi. Fatar da ke kan ƙwaryar ta guza ce ko damo, tana da ƙamshin da ke jan ta, kuma farce ɗaya ya isa ya huda ta. Haka fatar gurmi, haka ta kalangu, ga tsirkiyoyin kalangu da take tauna. Kada a jingina su a bango a ƙasa. A rataye a ƙusa sama da tsayin mutum, nesa da kabad ko kujerar da za ta taka ta yi tsalle, ko a sa cikin jaka a zuge. Ƙaron da ake shafawa a ajiye cikin gwangwani mai murfi.

LikitanDabbobi_Samaru:
Maigoge ya taɓo abu mafi haɗari a duk zancen nan. Harshen kyanwa yana da ƙayoyi masu kallon ciki, idan zare ya shiga baki ba ta iya tofarwa, haɗiyewa take yi. Gashin doki, guntun tsirkiyar jita ta roba, zaren ɗinki, duk ɗaya. Wani lokaci bakin zaren yana naɗewa a gindin harshe, sauran ya wuce hanji, hanjin ya tattare a jikinsa har zaren ya yanka shi. Alamu: amai, ƙin ci, kasala, ciwon ciki. Idan aka ga zare yana leƙowa ta baki ko ta dubura, kada a ja. Asibiti kai tsaye. Duk ranar da aka canza wa jita tsirkiya a ƙirga guntayen da aka yanke a zuba a shara mai murfi, na ƙarfen suna soke tafin ƙafa. Kafur ɗin da wasu ke sawa a akwatin kayan kiɗa don kyankyasai shi ma guba ne gare ta, ga ta da son kwanciya cikin akwatin jita da aka bari a buɗe.

Injiniya_PZ:
Ta ɓangaren na'ura kuma. A ƙarƙashin kowane madanni akwai ɗan ƙoƙon roba mai baƙin tabo da ke taɓa allon wuta. Gashin kyanwa da ƙurar hunturu suna shiga ta tsakanin madannai su zauna a wurin, sai madanni ya daina magana ko ya riƙa fita da ƙarfi ɗaya komai yadda aka taɓa shi. Gyaransa sai an kwance. Zane mai kauri a rufe bayan darasi ya wadatar. Ƙafar kibod mai siffar X ba ta jure nauyi a gefe guda, kyanwa mai kilo 3 ko 4 ta diro a kan ƙarshen kibod tana iya kifar da shi, don haka a matsa shi jikin bango. Waya kuma iri biyu ce. Wadda ta fito daga adafta zuwa kibod wutarta kaɗan ce, galibi bolt 9 zuwa 12, idan ta tauna asarar adafta ce. Wadda ke zuwa soket bolt 230 ce, wannan ƙona baki take yi ko kisa. A zura ta cikin bututun roba na masu wayarin.

Kuma lokacin sanyi, Disamba da Janairu, ɗumi take bi. Saman amfilifaya da cinyar ɗalibi su ne wuri mafi ɗumi a falon.

'YarKongo:
Tunda an ambaci hunturu, don Allah me ya sa jita ke ƙara kamar tsirkiya na gogar ƙarfe a wannan lokacin?

Injiniya_PZ:
Bushewa ce, ƙanwata. Icen jita yana son laimar iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun nan kuwa yana saukar da ita ƙasa da rabin haka. Fuskar jitar tana ɗan lotsawa, tsirkiya ta matso kusa da ƙarafan wuya. A jiƙa soso a matse sosai, a sa cikin robar sabulu mai huji, a ajiye cikin akwatin a rufe. Kada ruwa ya taɓa icen.

Sarkin_Shakka:
Daga mage mun koma soso. Ni dai a samo robar feshi, ta hau a fesa mata ruwa.

Injiniya_PZ:
Ruwa a kan kibod? Allah ya kiyaye.

Anti_MaiKyanwa:
Ban da lalata kaya, feshi yana koya mata tsoron mai robar ne kawai. Idan ba ya nan za ta hau abinta. Ga yadda ake koyar da wurin zama, tunda MalaminKibod bai zaɓa ba tukuna. A samo kwali ko kujera mai tsayi, a shimfiɗa tsohon tawul, a ajiye taku 2 ko 3 daga kibod, tsayinsa ya kai na kibod ko ya ɗara. Kyanwa tana son kallo daga sama, idan wurin yana ƙasa ba za ta zauna ba. A lokacin sanyi a sa gorar ruwan ɗumi ƙarƙashin tawul. A fara babu ɗalibi, babu kiɗa: ta hau, a ba ta guntun dafaffiyar kaza kamar ƙwayar masara, a kan tawul ɗin, ba a hannu ba. Bayan kwana kaɗan a zauna gaban kibod a buga daƙiƙa 10, tana zaune, a ba ta. A ja zuwa 30, zuwa minti guda, zuwa 5. Idan ta hau madannai, a ɗauke ta ba magana ba kallo a ajiye ƙasa, ba a kan tawul ba, don kada ta ɗauka hanyar samun kaza ita ce ta fara bi ta kibod. Sai ta hau da kanta ta zauna ɗan lokaci sannan lada ya zo.

Malama_Wusasa:
Duk an yi maganar kyanwa da kaya, ba a yi ta ɗalibi ba, kuma iyaye ne ke biyan kuɗin minti 45 ɗin nan. A tambayi iyaye tun ranar farko ko yaro yana da asma ko yana atishawa kusa da kyanwa. Abin da ke tayar da shi yana cikin yawunta da fatarta, yana manne a kafet da labule, fitar da ita daga falo a ranar ba ya kawar da shi. Irin wannan yaron gara a koma baranda ko a je gidansu. Makero ma yana tsallakawa daga kyanwa zuwa yara, idan an ga gashinta ya zube a zagaye a nisanta ta da su. Akwai kuma yaran da aka tsorata da mage tun suna ƙanana, ba za su faɗa ba, sai dai a ga hannu ya sandare. Ga waɗannan, shawarar Sarki ta kullewa ita ce daidai, komai kyan horon.

Sauran yara a ba su doka ɗaya: ba taɓawa, ba kira, sai an tashi.

ƊanGyallesu:
Ai wannan kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi.

LikitanDabbobi_Samaru:
Ko ta Lami ce a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, daga wata 3 da haihuwa, ana sabuntawa duk shekara, tunda yaran mutane na shigowa gidan. Maganin tsutsar ciki duk wata 3. Idan ta ciji yaro ko ta yakushe shi har jini, a wanke da sabulu ƙarƙashin ruwa mai gudu minti 15, a sanar da iyaye, a je asibiti. Cizon kyanwa ƙaramin huji ne mai zurfi, yana saurin ruruwa. Yanke tsinin farce duk mako 2 ko 3 yana rage ɓarna, farin bakin kawai, kada a kai inda ya yi ja.

MalaminKibod_Hanwa:
Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Ɗalibai uku ne a jere, sama da awa 2. Wasa da abincin farko ba za su riƙe ta har ƙarshe ba, kuma idan ana ta ba ta kaza za ta yi ƙiba.

Anti_MaiKyanwa:
Ba ƙari za a yi ba, rabawa za a yi. Kyanwa mai kilo 3 zuwa 4 tana cin kamar giram 50 zuwa 60 na busasshen abincinsu a rana, a duba bayan buhun don sun bambanta. A auna na yini tun safe. Kashi ɗaya da safe, babban kashi kafin ɗalibin farko, ragowar a zuba cikin gorar roba da aka huda ramuka 4 ko 5 masu ɗan fi ƙwayar girma, a ba ta tsakanin ɗalibi na biyu da na uku. Kiret ɗin ƙwai na kwali ma yana yi. Idan abincin gida take ci, ban da mai albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini, kuma madara tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo. A bar minti 5 tsakanin ɗalibai.

Injiniya_PZ:
Gora mai ƙwayoyi tana birgima a kan tayil a tsakiyar darasi? Ƙararta ta fi kukan. Sai dai a wani ɗakin, ko a kan kafet.

Sarkin_Shakka:
Kun ga kun dawo kan maganata. Wani ɗakin.

Anti_MaiKyanwa:
Na ɗalibi na uku kawai, Sarki, shi ne ya faɗo gab da Magariba. Biyun farko tawul ya isa.

MaiGoge_KofarDoka:
Likita, ga gidan da ke da muzuru fa? Yana fesa fitsari a jikin jakar kaya da sifika. Wannan ma tawul ne ko fiɗiya?